Gashin Kaza a Bakin Ramin Kwal

Zuwa ga mahaifina, Malam Sale Mai Rijiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, a durƙushe, kamar yadda ka saba gani. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, shekara huɗu ke nan da Allah Ya karɓi abinSa. Amma labari ne ya cika mini ciki, duk wanda na ba shi kuma sai in ji bai isa inda ya kamata ba. Don haka zan rubuta maka, in ajiye inda jama'a za su gani, wanda ya karanta ya sa ka a addu'a.

Baba, mun yi nasara. Na fara da wannan ne don na san halinka, ba ka son a ja maka rai da dogon sharhi. Yanzu da hankalinka ya kwanta, sai ka yi haƙuri in kawo maka shi daga tushe.

Ka rasu ba ka gama gane aikin da nake yi a New York ba, laifina ne kuwa. Duk sanda ka tambaye ni a waya sai in ce aikin injiniya ne, in kawo wata hirar. Kai kuma ka riƙa gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa Uwani tana gyaran lantarki a Amurka. To ga yadda abin yake. A wata jiha da ke maƙwabtaka da mu akwai tsofaffin ramukan kwal da aka daina haƙa tun kafin a haife ni. An rufe su, mahaƙan sun watse, amma ramukan ba su daina fitar da wata iska ba, wadda ake kira methane. 'Yar'uwar gas ɗin girki ce, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama wuta nan take. Ita ce ta riƙa hallaka mahaƙa a da, yanzu kuma in ta sulale sama sai ta ƙara wa duniya zafi. Aikinmu shi ne mu zura bututu har cikin ramin, mu zuƙo ta, mu ba wani ƙaton inji ya ƙona ta, ya mayar da ita wutar lantarki.

Akwai wani rami da na nace a kansa. Manyana sun so a je wani wuri, ni kuwa na kafe, na yi ta lissafi ina kai musu takardu har suka gaji suka ce to. Shekara biyu na yi a kan aikin nan. Ofishinmu yana Manhattan, ramin kuma tafiyar awa biyar ce a mota, don haka yawanci a allon kwamfuta da wayata nake kallon injin. Ranar da aka fara tayar da shi har atamfa na sa zuwa ofis.

Kwana uku ya yi ya mutu.

An ƙera injin ne yadda in iskar waje ta gauraya da gas ɗin fiye da kima zai kashe kansa, don irin wannan haɗin yana iya fashewa. Namu kuwa sai ya yi kwana uku ko huɗu lafiya lau, rana ɗaya gas ɗin ya tsinke kamar kokon da aka cika wa ruwa, inji ya tsaya cak. Mun canza na'urar awo. Mun canza famfon zuƙowa. Mun ɗauko tsohuwar taswirar ramin, mun bi duk ƙofar da ta nuna, kowacce mun same ta a toshe da kankare. An zagaya tsaunin da na'urar shinshinar gas har sau biyu, ba a ji komai ba. Daga nan aka fara cewa gas ɗin ne ya ƙare, ba a faɗa a gabana, amma ina shigowa ɗakin shan shayi sai hira ta mutu.

Shugaban sashenmu mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka gwammace a zage ka. Ya kira ni, ya yaba ƙoƙarina sosai, sannan ya faɗi abin da ya kira ni a kai. Za a ba injin dama ɗaya ta ƙarshe. In ya yi kwana talatin a jere bai tsaya ba, zai zauna. In ya tsaya ko sau ɗaya ne, za a kwance shi a ɗora a tirela, a toshe bututun, a rufe maganar. Na ce na gode, na fito, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Bayan kwana biyu, tun ba a fara ƙirga talatin ɗin ba, da safe, ina tsaye ina jiran jirgi a unguwarmu ta Bronx. A wajenmu jirgin a sama yake bi, a kan gada, don haka kana ganin gari sosai. Wayata ta yi ƙara, na duba, inji ya sake mutuwa. Na ɗaga kai don takaici, sai ga sama tangaran, shuɗiya, ko ɗigon gajimare babu. Na yi tsaki na ce a raina, wai me ya sa duk ranar da gari ya yi kyau ni ce ake aiko wa mugun labari? Ban gama tunanin ba sai wani abu ya faɗo mini a rai. Jirgi ya zo, ya buɗe, ya rufe, ya tafi, ina tsaye.

Kai na tuna, Baba. Wata damina, ina 'yar firamare, Inna ta aike ni in kai maka abinci a wani gida da aka kira ka yasar tsohuwar rijiya. Na same ka a zaune a bakinta, igiya a naɗe, ga hadari yana haɗowa daga gabas, mai gidan yana ta faɗa wai ka ɓata masa yini. Ka zaro zare daga aljihu, an ɗaura masa ɗan gashin ƙirjin kaza, ka riƙe shi a bakin rijiyar. Gashin ya riƙa ɗagowa sama yana rawa. Ka naɗe zarenka ka ce yau ba za ka shiga ba.

A hanya na tambaye ka ko aljanu ne, don haka na ji matan gidan suna cewa. Ka yi dariya har kwanon ya kusa suɓuce maka. "Rijiya numfashi take yi, Uwani," ka ce. "In hadari ya haɗo fitarwa take yi, abin da take fitarwa kuma ba na shaƙa ba ne. In gari ya washe sai ta ja."

In gari ya washe sai ta ja. Na shiga jirgi na gaba ina maimaita wannan magana kamar mai hadda.

Ina isa ofis ko jaka ban ajiye ba. Na ɗauko bayanan yanayi na wata shida, na jera su kusa da ranakun da injin ya mutu. Baba, sun hau kan juna daram. Duk sanda sama ta washe, nauyin iska ya ƙaru, sai inji ya tsaya. Duk sanda hadari ya taso, sai gas ya yi kauri. Abokan aikina suka ce ai wannan sananne ne, yana cikin littafi. Gaskiyarsu ne, yana ciki, ni ma na karanta na ci jarrabawa a kai. Amma ramin da aka toshe ko'ina bai kamata ya ja iska haka ba. Na ce lallai akwai bakin da ba mu sani ba. Aka sake shimfiɗa mini taswira, aka ce in nuna shi.

Nan ma kai ne ka fitar da ni. Na tuna ba ka taɓa kafa diga a gidan mutum don kawai ya nuna maka wuri ba. Sai ka sayi goro, ka nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar, ka zauna ku gaisa, ku yi hirar mutanen da suka mutu, a hankali ka gangaro kan inda aka taɓa yin masai da inda aka cike tsohuwar rijiya. Kana cewa mai gida bai san abin da aka binne kafin a haife shi ba. A lokacin haushi nake ji, ina ganin ɓata lokaci ne, abinci yana hucewa kana hira da tsofaffi.

Na nemi izinin kwana uku. Shugabana ya ce in je, da irin muryar da ake ce wa mara lafiya ya ci duk abin da ransa ke so.

Kafin in tafi na biya ta wajen Fordham Road, inda ake sayar da kaji masu rai ana yanka maka a take. Akwai wani Malam Isufu a can, mutumin Maraɗi, shi ke mana yanka. Na ce masa yau ba kaza nake so ba, gashin ƙirji nake so, mai laushi, kamar cikin hannu ɗaya. Ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Ya tambaya ko wani malami ne ya aiko ni. Na ce aikin ofis ne. Ya ƙulle mini a leda ya miƙo da hannu biyu, ya ce, har da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Hajiya, ga shi. Amma ki ji tsoron Allah, kowane ne ki bar shi da Allah." Har yau bai yarda ba kan wani zan juya ba.

Saura goro. Na rasa me ake kai wa tsofaffin Turawa, sai na shiga shagon da ke kusa na sayi kilishi mai kyau, na Agadas in ji mai shagon. A ganina na yi abin kai.

Garin ƙarami ne, a gindin tsauni, rabin shagunansa a rufe. Mai kula mana da injin dattijo ne ɗan garin, jikan mahaƙa. Da na ce ya kai ni wajen wadda ta fi kowa tsufa, ya ɗauka ba'a nake yi, amma ya kai ni. Muka same ta a baranda, ta haura casa'in, an lulluɓe mata ƙafa da bargo. Na gaishe ta, na buɗe tsarabata. Baba, ashe haƙoranta na roba ne. Ta saka kilishin a baki, ta kasa yanka, ga yaji ya kama ta, ta yi ta tari hawaye na zuba. Na ce shi ke nan, na zo neman rami zan kashe musu tsohuwa. Da ta samu numfashi sai ta fashe da dariya, ta ce rabon da wani abu ya tashe ta haka tun mijinta na da rai. Ta nemi ƙari, ta riƙa tsotsa kamar alewa.

Na yi yadda kake yi, ban yi gaggawa ba. Muka yi hirar mijinta, da 'ya'yanta da suka tafi birane, da cocin da aka rufe. Sai can na tambaye ta yadda suke ɗumama gida lokacin tana yarinya. Ta dubi dattijon, ta ce ai yanzu duk wanda za a kama ya mutu. A shekarun da aka sallami mahaƙa daga aiki, in ji ta, maza sukan haƙa 'yan ramukansu a ɓoye su ɗebi kwal don kada sanyi ya kashe iyalansu. Mahaifinta yana da nasa a bayan gidansu, can saman tsauni, ya yi ta bi har ya ɓulla cikin babban ramin. Ba wanda ya gaya wa masu ma'adinin, balle a sa a taswira. Da ya daina shiga sai ya rufe da kwanon rufi ya zuba ƙasa. Ta ce suna yara sukan zauna a wurin da zafi, don wasu ranakun iska mai sanyi na fitowa, wasu ranakun kuma shiru.

Gidan ya daɗe da rushewa, wurin ya zama daji. Ta kwatanta mana da wani dutse da tsohuwar bishiyar tuffa. Washegari aka tashi da ruwa, dattijon ya ce mu je a haka, na ce a'a, ranar da gari ya washe nake jira. Ya girgiza kai, na ga alamar ya fara tausaya wa kamfanin da ya ɗauke ni aiki.

Rana ta uku sama ta buɗe. Muka hau. Yana riƙe da na'urar shinshinar gas, ni ina riƙe da zare da gashin kaza. Fitilar da kake kunnawa ka zura a rijiya bayan gashin don gwada iska kam ban ɗauko ta ba, don a wannan ramin ita ce za ta tashe mu gaba ɗaya. Na'urarsa ba ta ce uffan ba, a nan kuma na gane abin da ya faru a zagaye biyun farko. Na'urar gas mai fitowa take nema. Masu zagayen kuwa ba wanda zai hau tsauni cikin ruwa, sai ranar da gari ya yi kyau suke zuwa, ranar da ramin ke ja ciki. Ko a kansa suka tsaya ba za ta yi ƙara ba.

Mun fi awa biyu muna yawo. Ina durƙusawa gindin kowane dutse da kowane kurmi ina riƙe zare, ƙaya ta yayyage mini siket, gwiwoyina duk taɓo. Ba zan ɓoye maka ba, na fara jin kunya, na fara tunanin me zan ce a ofis. Sai a wani ɗan kwari, ƙasa da bishiyar tuffar, na miƙa hannu kan tarin busassun ganye. Gashin ya karkata. Na ɗauka iska ce, na kare da jikina. Ya sake karkata, ya miƙe ƙasa, zaren ya ɗaure tamau kamar wani na ja daga ciki. Dattijon ya share ganyen da ƙafa, sai ga kwano ya ci tsatsa ya ɓule, ramin a ƙarƙashinsa yana zuƙar iska har kana jin ɗan fito.

Na yi kabbara, na zauna a taɓon ina kuka ina dariya. Dattijon ya cire hularsa ya tsaya yana kallon gashin kazar.

Aka sanar da hukuma, aka kawo masu aiki, aka cike bakin da kankare. Sannan aka tayar da inji, aka fara ƙirga talatin ɗin.

Baba, ban taɓa sanin mutum zai iya tsoron rana mai kyau ba. Kwana biyar na farko gajimare ne, ban damu ba. Na shida aka ce sama za ta washe har kwana huɗu. Duk New York murna ake yi, an fito da yara wuraren wasa, masu talla a Fordham Road sun baza kaya har bakin titi, maƙwabciyata 'yar Kumasi tana ce mini yau kam Allah Ya ba mu weather. Ni kuwa ina tafe ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Gas ɗin ya ɗan motsa kaɗan, ya tsaya. Rana ta fito ta faɗi sau huɗu, inji yana ta aikinsa. A rana ta huɗun na sayi kaza guda a wajen Malam Isufu, ya tambaye ni ko aiki ya ci, na ce ya ci, ya ce Allah Ya shirye ni.

Kwana na talatin ya faɗo ranar Juma'a. Da la'asar duk sashenmu suka taru a bayan kujerata, har masu cewa gas ya ƙare, ana kallon agogo a allo. Da lokaci ya cika aka ɗauki tafi, wata ta rungume ni har ɗankwalina ya zame. Shugabana ya ce inji ya zauna. Ya ƙara da cewa akwai wasu tsofaffin ramuka biyu da aka fid da rai da su, yana so in je in duba, kuma daga yau kafin a taɓa kowane rami sai an zauna da tsofaffin garin. Wutar da ke fitowa daga injinmu yanzu tana shiga layin da ke ba garin nan, har da barandar tsohuwar.

Sai shugaban nawa ya tambaye ni a gaban kowa, a wace jami'a na koyi dabarar gashin nan.

A nan zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Tun ina sakandare, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kwangilar ruwa ne. Haka na rubuta a takardun makaranta, haka na gaya wa ƙawayena a jami'a, haka na zo da shi ƙasar nan. Ina jin kunyar taɓon da ke ƙafarka da igiyar da ke kafaɗarka, alhali da su aka saya mini kowane littafi. Ka yafe mini, Baba. Ranar nan na miƙe tsaye, na ce musu mahaifina mahaƙin rijiya ne, da hannu yake haƙa, shekara arba'in yana shiga ƙasa bai taɓa rasa mutum ko ɗaya a rami ba. Na faɗi sunanka, suka maimaita, ba su iya faɗa daidai ba, na sa suka sake har sai da suka iya.

Da na fito na kira Yaya Sani na ba shi labari. Ya yi ta hamdala, sannan ya gaya mini abin da ya ce ya ɓoye mini shekara huɗu don kada ya ƙara mini ciwon rashin zuwa jana'izarka. Ya ce ranar da ka rasu, kafin 'yan unguwa su isa maƙabarta, abokan sana'arka sun riga su, har waɗanda suka tsufa suka daina aiki, wasu daga ƙauyuka a kan keke. Suka hana kowa taɓa diga. Suka ce kai ka koya musu shiga rami su fito da rai, ba wanda zai haƙa naka sai su. Ya ce bai taɓa ganin kabarin da aka gyara gefensa sumul kamar naka ba.

Ina tsaye a bakin titi, mutane na wucewa ta kowane gefe, na ɗaga hannu na yi maka addu'a.

Ya Allah, ga bawanKa Sale. Ya shiga ramuka masu duhu da ƙunci don bayinKa su sha ruwa, Kai kuma Ka fito da shi daga kowannensu. Wannan da ya shiga na ƙarshe, Ka yalwata masa shi iyakar ganinsa, Ka haskaka shi, Ka buɗe masa ƙofa daga Aljanna iskarta ta riƙa shigo masa. Duk wanda ya sha daga rijiyar da ya haƙa, da duk gidan da fitila ta kama daga wannan aiki, Ka kai ladan gare shi. Amin.

Ka huta lafiya, Baba.

'Yarka,
Rabi, Uwaninka,
'yar mai haƙar rijiya,
daga Bronx.